Ƙullin Kaka

"Wallahi bana ba za ta sake ba!"

Muryar surukar Kaka ce ta ratso bango. Kaka na zaune a tabarma da almakashi a hannu, takardu masu launi sun kewaye ta. Ba kasa kunne ta yi ba. A gidan nan, bango da kansa yake kawo wa mutum magana har ɗaki.

"Ki rage murya mana," in ji ɗanta.

"Ba zan rage ba. Alewa ce ko asusun ƙarfe? Bara da reza Auta ta so buɗe nata, ka manta jinin? Kai kaɗai ne ba ka gane ba. Da gangan take ƙulle su, don yaran su bi ta ɗaki suna roƙo."

"Uwata ce fa."

"Na sani. Ita ma wadda ta yanke yatsa ai 'yarka ce."

Sai ƙarar famfo.

Shekara ashirin da takwas Kaka ta yi a tsaye bayan kanta a wani shagon kayan zaƙi, aikinta naɗe kyauta. Da itatuwa sun fara fure, hutu ya matso, layi kan kai bakin titi. Ita ke murɗa takarda ta fito kamar karas, ta cika ta da alewa, ta ɗaura koren zare a ka. Ita ke tsaga kwali siriri-siriri ta yi sheƙar tsuntsu, ta kwantar da cakulan uku a ciki. Kwalbar da aka yar, ta wanke, ta sa mata hular ƙyalle, ka rantse daga kamfani ta fito. Mai Ƙulli ake ce mata, don ƙullinta ja ɗaya ake yi ya warware. Ranar da mai shago ya sayo injin liƙe leda, aka sallame ta da godiya da agogon bango.

Ƙulli mai wuyar nan ba a shago ta koye shi ba. Bayan rasuwar mijinta ne, da ta dawo ɗakin baya na gidan ɗanta, inda ake miƙo abinci a ce "sannu Mama" a wuce. Ta gaya wa kanta saboda tururuwa take matse zaren. Daga baya ta ce don kada yara su cinye a zama ɗaya su yi ciwon ciki. Amma ta san minti nawa kuncewar ke ci. Ta san yadda jikokinta uku ke zagaye ta, gwiwa na gogar gwiwa, numfashinsu a wuyanta, ita kuwa tana jan aikin da farce, tana tambayar makaranta, tana yi kamar zaren ya gagare ta. A shekara, wannan ne zamansu mafi tsawo a ɗakinta.

Ba ta ji haushin surukar ba, abin da ya ba ta mamaki ke nan. Gajiya kawai ta ji, irin ta wanda aka leƙa masa ƙarƙashin gado.

Ta jawo sheƙa uku da ta riga ta gama, ta datse zarensu. Yatsun sun sankare, sai da ta yi sau huɗu kafin tsohon ƙullin shago ya dawo mata.

Da la'asar surukar ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, murya kamar ba ita ba.

"Mama, dama cewa na yi bana ki huta. Hannun nan naki..."

"Hannuna na gode miki, Maman Auta."

Kaka ta dafa bango ta miƙe, ta karɓi shayin, ta ɗora mata ƙunshi ukun a hannu. Surukar ta taɓa bakin zare ɗaya, ya fara zamewa. Ta ɗago ta dubi bango, ta sunkuyar da kai.

"Mama, ni fa ba..."

"Kai musu. Ja ɗaya ne, ko Auta za ta iya, ba sai sun tako nan ba." Kaka ta juya, sannan ta tsaya. "Ƙofar dai, kada ki ja ta duka. Bar ta haka."