Kawu Sampefa da Wili Biyar na Likita

Daga bakin mahaifiyata na fara jin sunan, ina 'yar shekara bakwai, kuma ba da daɗin rai ta faɗe shi ba. Mun dawo daga unguwa ta tarar da farantin da take ji da shi, mai zanen jajayen furanni, a jingine a falo yana walƙiya, babu fure ko ɗaya. Ta ɗaga shi, ta ga fuskarta a ciki, ta ce, "Sampefa ya zo gidan nan." Na ɗauka sunan wani ɓera ne. Ashe yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo gaishe ta bai same ta ba, ya zauna jira, hannunsa ya rasa abin yi, ga kuma takardar gurzar ƙarfe a aljihu, wadda ta ba shi sunan.

Kawu gajere ne mai manyan hannuwa. Sampefa ta cinye zanen yatsunsa tas, har ranar da ya je yin katin shaida na'ura ta ƙi karɓarsa sau uku, ya dawo yana alfahari kamar an ba shi lambar yabo. Aikinsa gyaran fuskar wilin mota, irin na alminiyom. Shagonsa ɗaki ɗaya da rabi ne a bayan masu facin taya, ƙasa kullum a jiƙe, ga durom na ruwan soda, ga injin gugar da ke fesa masa baƙin gari a fuska. A jikin bango ya rubuta da jan fenti: AIKINMU BA YA DAWOWA. Shekara talatin da ɗaya rubutun yana nan, ba wanda ya ƙaryata shi.

Aƙidarsa ɗaya ce. Duk abin da ba ya ƙyalli, ko datti gare shi ko ciwo. Da aka kwantar da shi asibiti aka yi masa aiki a ciki, kafin a sallame shi ƙarfen gadonsa ya fita daban da na kowa a ɗakin.

Wata safiya wani tsohon likitan haƙori ya tsaya a ƙofar shagon da wili huɗu a bayan motar ɗaukar kaya. Na wata 'yar jar mota ce mai kujera biyu, irin ta tsere, wadda ta girmi 'ya'yansa duka, kuma a faɗar mutane ta fi su samun kulawa. Kowane wili kamar fure yake mai ganye biyar, ganyen fari, ramukan da ke tsakani baƙi. Sun kode, sun yi tabo fari-fari kamar ƙyasbi.

"A mai da min su yadda suka fito daga kamfani," in ji Likita. "Yadda suka fito. Ka fahimta?"

"Likita, na taɓa shigowa wurinka na nuna maka yadda ake cire haƙori?"

Likita ya tafi. Kawu ya ɗauki na farko ya tsoma a soda, ya bi shi da sampefa mai kaushi, da mai dama-dama, da mai laushi kamar tafin jariri, yana yi yana zuba ruwa. Kwana uku yana kansa. Da ya sauke shi daga inji, masu facin taya sun zo sun yi layi suna gyara hula a jikinsa. Kawu ya aika a kira mai shi ya zo ya ga hanyar da sauran ukun za su bi.

Likita ya tsaya a kan wilin ya daɗe.

"Wannan mene ne?"

"Wilinka ne. Ya warke."

"Ina ganin ramin hancina a ciki."

"To ai ba ni na yi hancin ba, ranka ya daɗe."

Likita bai yi dariya ba. Ya koma gida ya dawo da wani abu naɗe a tsohon bargo. Safayar motar ce, wili na biyar, wanda tun da aka ƙera shi bai taɓa taka titi ba. Ganyensa ba ya ƙyalli ko kaɗan. Haske gare shi mai sanyi, dishi-dishi, kamar ɓawon ƙwai. Likita ya bayyana masa, da muryar da yake yi wa yaran da ba sa wanke baki, cewa wannan ba fenti ba ne, ba kuma tsufa ba ne. Fatar ƙarfen ce da kanta. A kamfani ake tsoma shi a ruwan asid, a sakar masa lantarki, ya yi wannan fatar mai tauri. Ita ce darajar wilin, ita ce kuma Kawu ya kwana uku yana feɗewa.

Kawu ya leƙa safayar ta nan, ya leƙa ta can. "Wannan ai ba a ƙarasa shi ba," ya ce. "Ranar da za a goge shi ma'aikatan suka tafi yajin aiki."

"Sati biyu na ba ka," in ji Likita. "Ga safayar nan na bar maka ka riƙa kallo. In na zo na ga huɗun nan sun bambanta da ita, a nan zan jibge maka su, kuma da hannunka za ka shafe wancan rubutun, ina tsaye."

Kawu ya dubi bango. Bai taɓa lura jan fentin yana da haske haka ba.

Ya sa aka cire busasshiyar tayar da ke jikin safayar, ya yi mata alama da alli ta baya don kada ta saje da sauran, ya zauna a kan bokiti yana kallon ta kamar surukar da ta zo ba sanarwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tayar da ƙyalli, yau an ce ya kashe shi, kuma bai san ta ina ake kamawa ba. Abu ɗaya ya sani: soda tana dusashe gogaggen alminiyom in an bar shi a ciki. Ko tsawon wane lokaci, oho. Bai isa ya gwada a jikin kayan Likita ba.

A gida kuwa akwai marafan tukwanen matarsa, wadda muke kira Inna.

Sai ya riƙa fita da su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin riga. Ya goge murfi ya zama madubi, ya tsoma a soda yana ƙirgawa. Wanda ya ciro a ƙirga ashirin bai dusashe ba. Na sittin ya yi toka. Ɗaya kuma ya manta da shi a durom yana gardama da mai faci, ya fito da huji kamar rariya. A kwana na huɗu Inna ta iso shagon da tukunya a hannu, buɗe.

"Malam, tukwanena bakwai, yau duk kansu a waje. Da me zan rufe, da hularka?"

"Bincike nake yi."

"Binciken bai ga hanyar kasuwa ba, sai ta ɗakin girkina?"

Ta tsince su tana jerawa a gefen zani. Ta ɗaga wani ta juya shi. "Wannan kuma ya yi kama da abin can da kake ta yi wa zuru."

Na arba'in ne. Kawu ya karɓe shi ya kara da safayar, ya ce dama shi yake shirin ɗaukowa.

Saura fatar. Mutum ɗaya ne a garin yake da kwamin asid da lantarki, mai ƙera ƙarafan tagogi, wanda Kawu ya shekara ashirin yana ce wa kayansa suna kama da idon mataccen kifi. Kawu ya sa riga mai kyau ya tafi. Mai tagogi ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce bai ji sosai ba, a maimaita.

"So nake ka yi min irin fatar nan taka."

"Wace fatar? Ta kifin?"

"Ita."

"Mai rai ko matacce?"

"Matacce," in ji Kawu.

Haka wili huɗu suka sha guga, suka sha soda ƙirge arba'in-arba'in, suka kwana a kwamin mai tagogi, suka fito dishi-dishi. Kawu ya ce duk lokacin da ya ɗaga wilin da ya mayar madubi da hannunsa zai tsoma a durom, kau da kai yake yi.

Baƙin fentin ramukan ya kusa kayar da shi. Ya liƙa salatef ya fesa, layin ya fito da kaifi, na safayar kuwa a kwance yake lumui. Ya gwada buroshi, abin ya fi muni. Ya kwantar da safayar a ƙasa, shi ma ya kwanta rub da ciki yana hango ta daga gefe, masu faci suna tambaya ko a kira 'yan uwansa. A nan ya gani. Baƙin ya tsaya a tsayi ɗaya ko'ina, kamar shatin da ruwa ke bari a jikin randa, bayan wilin kuma baƙi ne gaba ɗaya. Ba hannu ne ya ja layin ba. Tsoma shi aka yi a fenti, fuska sama, fentin ya taso ta ramukan ya tsaya inda aka tsayar da shi.

Babu abin da zai ɗauki wili a kwance sai babban bahon wankin Inna. Wannan karon sallama ya yi ya roƙa. Ta ce ya ɗauka, tunda dai gadon kwana ne kawai bai kai shago ba tukuna.

Ranar alkawari da safe Inna ta zo karɓar abin da ya saura na bahonta, Kawu ya fita neman abin karyawa. Ta ga wili biyar a jere, garin inji ya sauka a kansu. Baƙo zai zo a nuna masa kaya da ƙura? Ta samo ruwa da sabulu ta wanke su ciki da baya, ta sake jera su yadda ya yi mata kyau, ta tafi.

Likita ya zo da ɗan madubin nan mai doguwar mariƙa da yake leƙa bakin mutane da shi. Ya durƙusa. Ya bi na farko, ya bi na biyu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya shinshina, ya koma na farko. Kawu yana tsaye, ya juya wa bango baya. An fi rabin awa kafin Likita ya dafa na huɗu.

"Wannan ce tawa. Ko?"

Kawu ya kifa shi don ya nuna alli. Babu. Ya kifa na kusa da shi. Ya kifa duka biyar, bayansu baƙi wuluk, sai ƙanshin sabulu.

"Wacce ce safayata?" in ji Likita.

"Tana cikinsu, ranka ya daɗe. Ba ta fita ko'ina ba."

"Shekara arba'in da shida ina ɓoyon ta a bargo, ka ɓatar min da ita a gaban idona."

"In kana so a bar su nan a ci gaba da nema."

"Ko minti ɗaya ba za su ƙara a hannunka ba."

Ya sa aka loda masa duka biyar. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi rubutun bango, ya dubi Kawu, ya ce haƙoransa na ƙasa suna bukatar wanki. Kawu ya ce zai goge abinsa da kansa.

Bayan wannan Kawu ya ƙara shekara tara a shagon, bai kuma shiryu ba. Har yanzu in zai zo gidanmu mahaifiyata tana kulle cokula. Amma da labari ya zo cewa Likita ya rasu, motar ta koma hannun 'yarsa, Kawu ya kira ni ɗakinsa. Lokacin hannuwan sun fara rawa, shagon ma ya rufe.

"Ke da kika yi makaranta, kin iya magana da irinsu," ya ce. "Ki je ki yi mata gaisuwa. In kin gama, ki ja ta gefe ki ce wilin nan ruwa da sabulu kawai suke so. Kada ta yarda wani ya ce zai fito mata da haskensu. Ki ce mata ko ni ta gani a ƙofar gidanta da tsumma a hannu, ta sa maigadi ya kore ni."