Ranar da Imoru Mai Fenti Ya Je Bakin Kogi

Imoru Ziblim ya shekara ashirin da shida yana rubuta alluna a unguwar Lamashegu. Rumfarsa tana bayan wani gidan mai: kwanon rufi huɗu, benci ɗaya, sai gwangwanayen fenti jere a ƙasa. Daga Lamashegu har Kanvili, in ka ga allon mai aski da aka zana kawuna shida kowanne da irin askinsa, to aikinsa ne. Shi ke rubuta wa direbobin yelo-yelo, kekunan nan masu ƙafa uku, addu'o'i a bayan kekunansu. Mutum ne mai tsabtar aiki, mai kuma saurin fushi in aka ce harafinsa ya karkace.

A wannan rumfa Shamsudeen ya koyi riƙe burushi. Tare suka yi firamare. Da kanikanci ya gagare shi, Imoru ya ba shi gefen benci, ya koya masa haɗa kala. Shekara takwas suna tare. Shamsudeen ya iya fuska, ya iya sararin sama, amma bai taɓa iya zana hannu ba. Yatsun da ya zana kullum kamar nonon ayaba suke fitowa, sai Imoru ya bi ya gyara kafin mai allo ya zo. Wata rana wani malamin makaranta ɗan Ankara, babban birnin ƙasar, ya ga hoton masu sayar da man kaɗe da Shamsudeen ya zana a kan guntun katako don nishaɗi, ya tafi da hoton kudu. Daga nan hanya ta buɗe. Yanzu Shamsudeen yana da gida a unguwar Vittin, ana kuma hira da shi a rediyo. In aka sa hirar, Imoru yakan ce batir ya yi sanyi, ya kashe.

Bara, bayan ƙaramar salla, Shamsudeen ya aiko da katin gayyata. An buɗe wata cibiyar wasan kwaikwayo da zane-zane a bakin kogi, tafiyar kusan awa ɗaya a hanyar Kumasi, kuma hotunansa ne za a fara nunawa.

"Ba ni da lokacin zuwa kallon ruwa," in ji Imoru.

Matarsa Abibata ta ce, "Baban Zalia, mutumin nan ya tuna da kai. Ni dai zan je, ko a motar haya ce."

Ran Asabar da hantsi ya wanke babur, ya sa rigar saƙinsa ta salla, ya ɗauke ta a baya. Suka kama hanya.

Wurin ya fi yadda ya so ya kasance kyau. Dandalin wasan yana fuskantar kogi, kujerun siminti sun gangara hawa-hawa, ana hango masunta a kwale-kwale. A gefe akwai dogon ɗaki fari mai manyan tagogi, a nan aka rataye hotunan. Imoru ya shiga ya tsaya. Bai taɓa ganin aikin fenti a bango mai tsabta haka ba, kowane hoto da fitilarsa, da ɗan kati mai sunan Shamsudeen. Nasa allunan a bakin kwata suke rayuwa, ruwa ya doke su, awaki su goga jiki.

Ya fara bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kusa da su. A na biyar ya juyo, fuskarsa ta saki a karon farko.

"Abibata, zo ki gani. Matan nan duk babu mai hannu. Wannan ta sa cikin zane, waccan ta ɓoye bayan kwarya. Har yau bai iya ba."

"Rage murya mana," ta ce.

Amma wata mata mai tabarau ta riga ta ji. Ta matso ta gaishe su, ta ce sunanta Dzifa, ita ce shugabar cibiyar. Hausarta ta kasuwa ce, amma ana fahimta.

"Baba, kana da ido," ta ce. "Abin da mutane suke so ke nan. Ya ɓoye hannun matan domin ba wanda yake ganin wahalar da suke yi. Har a jarida an rubuta."

Kafin Imoru ya sami abin faɗa, sai ga Shamsudeen cikin farar riga, ya rungume shi a gaban jama'a.

"Madam, wannan ne maigidana. Shi ya koya mini komai."

Mutane suka yi murmushi, wasu suka miƙa wa Imoru hannu, sannan suka koma kewaye Shamsudeen. Da ma Shamsudeen ya yi kamar bai san shi ba, da Imoru ya fi jin daɗi, don da ya sami abin riƙewa a rai.

Bayan azahar aka yi wasan, labarin wani mai fito da kwale-kwale da 'yan'uwansa. Abibata ta yi dariya har da share hawaye. Imoru bai bi labarin ba. Idonsa na kan babban labulen da ke bayan 'yan wasan, wanda Shamsudeen ya zana kogi a kai. Ya nemi kuskure har aka tashi. Shuɗin ya zauna daidai, kuma irin haɗin da shi ya koya masa ne.

Da ake watsewa Dzifa ta tare shi. Ta ce suna neman wanda zai rubuta musu babban allo a bakin titi, don matafiya su san akwai cibiya a nan, kuma Shamsudeen ya ce babu kamarsa a harafi.

"Aiki ya yi mini yawa," in ji Imoru, ya gangara bakin ruwa.

A can Shamsudeen ya same shi. Suka tsaya suna kallon wani masunci yana jan koma.

"Na ji abin da ka ce a ɗaki," in ji Shamsudeen, yana dariya. "Gaskiya ce. Ban iya ba, kuma na daina ƙoƙari. Su suka ba abin ma'ana, ni kuma na yi shiru."

Shekara da shekaru Imoru yana jiran ya ji wannan magana daga bakinsa. Da ya ji ta, ba ta sanyaya masa rai ba ko kaɗan, domin mai faɗarta ko a jikinsa.

Mako uku ya yi yana faɗa da kowa a gida. Rannan Abibata ta ajiye masa tuwo ta ce, "In ba ka yi allon nan ba, wani ɗan koyo za su ba, ya ɓata, kai kuma ka riƙa wucewa kana tsaki." Washegari ya kira Dzifa.

Kwana tara ya yi a kan allon. Harafi ja a kan fari, ana karanta shi daga nesa ko mota na gudu. A ƙasa ta dama ya rubuta sunansa da unguwarsu da lambar wayarsa, ya ɗan fi girman da aka saba. Mutum biyu suka kira shi ta dalilin allon, ɗaya mai soya kifi ce da ke son a rubuta mata farashi.

Bai sake shiga farin ɗakin ba, ko ranar da ya je kafa allon. Shamsudeen yakan biyo ta rumfar wani lokaci, ya ajiye mota a gidan mai, su zauna a benci su sha shayi, su yi hirar mutanen da. In ya tafi, duk wanda ya kawo aiki kafin la'asar yakan tarar da Imoru ba ya son dogon bayani.