Ranar da Baba Ya Zauna Cikin 'Yan Jardan

Wata Laraba ce bayan an gama ɗaurin gero, shekarar da na cika biyar, farar mota ta tsaya gindin gawon ƙauyenmu, arewa da Urafane. Mu 'yan jardan, wato ajin share fagen firamare, muna cikin rumfarmu, ƙafafu sun sha man gyaɗa, kowa rungume da ardwaz ɗinsa, ɗan allon rubutu da alli. Jami'an ilimi na Tasawa ne suka zo duba ko karatun ƙananan yaran nan yana da amfani. In suka ga babu, za a ɗauke mana Madam Hadiza, malamarmu, a kai ta wani gari.

Iyayenmu maza suka kafa rumfar da karan gonakinsu, don babu mai kuɗin bulo. Kowace safiya uwa ɗaya kan zo da ƙwaryar kunu, ta zauna ta yi mana tatsuniya ko waƙar daka, Madam kuwa ta tsinci kalmomi daga ciki ta rubuta a allo. Inna takan ce, "Ban san boko ba, amma na san abin da ke buɗe bakin ɗiyata." Da marece, in na ɗaure awaki, Baba ya tona ramuka a tsakar gida mu yi ta zuba wake muna ƙirga, mai kuskure ya yi kukan jaki.

A ranar Larabar nan, da layin tambaya ya zo kaina, wata baƙuwa mai tabarau ta tambayi sunana. Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na cusa kai cikin ɗan kwali, na hango Madam tana murza yatsu. Sai ga Baba ya ratso cikin iyaye, rigarsa duk ƙaiƙayi, ya harɗe kan tabarma kusa da ni.

"Hajiya, kunya ce kawai. Bari mu yi irin na gida," in ji shi.

Ya zaro wake daga aljihu ya fara ƙirga da ƙarfi, daga shida ya faɗa takwas. Ban san sa'ad da na yi tsalle ba: "Baba, ka tsallake bakwai! Yi kukan jaki!" Ya kuwa ɗaga kai ya yi shi, rumfa ta kece da dariya. Baƙuwar ta tuɓe takalmi ta zauna tare da mu, na ƙirga mata da Hausa da Faransanci, har na ƙara da waƙar da ba a tambaye ni ba. Ta daɗe tana hira da iyayenmu, ta sha kunu. Ba a ɗauke Madam ba, baɗi ma aka ƙaro mana wata.

Yau ɗana yana jardan a Tasawa, aji na siminti, da kujeru da lilo. Kabu-kabu ke sauke mu, mai gadi ya karɓe shi ya tura ƙyaure. Ni da aka raka har kan tabarma, a bakin ƙofa nake tsayawa.