Ayun da Basiru Ya Ɗauko

Basiru ɗan Yawuri ne, jikan masunta. Yana da shekara tara aka kashe ayu a gaɓar garinsu, manya suka yi ta rububin kitsensa don magani. A zamanin nan kogi cike yake, kifi har a ba maƙwabta. Daga ranar bai sake ganin ayu ba.

Shekararsa goma sha ɗaya a Riyad yana tuƙa motar sanyi ta wata cibiya mai kula da yankin teku da aka keɓe a gabas, inda aka hana farauta. Wata Laraba aka ɗora masa gawar ayun teku, aka buga hatimi a ƙofar motar. Likitoci a Riyad za su duba ko ragar masunta ce ta shaƙe shi. In ita ce, za a nemi a hana kafa raga har a gefen yankin.

Kuskurensa ɗaya: ya faɗa wa matarsa a waya. Kafin ya ci kilomita ɗari huɗu, labari ya gama Shifa, unguwarsu a Riyad.

A gidan mai na bakin gari ya tarar da Kawu Maulud, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya samo masa kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, da iƙama, takardar izinin zama. Tsohon yana riƙe da kwalbar zuma da aka wanke.

"Sannu da hanya, ɗan nan. Buɗe mana."

"Kawu, mamnu'u ne, an hana. Da hatimi."

"Hatimi! Cokali biyu na ce, ba cinya ba. Gwiwar nan ta hana ni sujada shekara uku."

"Mu je asibiti gobe, ni zan kai ka."

"Asibiti suna da man ayu? Dabbar nan ta riga ta mutu, Basiru. Ko ta bar maka wasiyya ne?"

Basiru ya yi ta bayani: in aka ga an yanka, binciken ya ɓaci, ragar kuma ta ci gaba da kashe sauran. Ya ce haka aka yi a gida har ayu suka ƙare.

"Kakanka da mashi ya ciyar da ku," in ji Maulud. "Yau kai ne ɗan sandan kifi. Halas, shi ke nan."

Ya ajiye kwalbar a kan tayar mota, ya tafi yana ɗingishi.

Basiru ya kai gawar cikakkiya. Likitoci suka yi awa biyu a kanta, suka rubuta cewa raga ce, sannan aka ƙone sauran, kitse da komai, yana tsaye yana kallo. Rahoton yana wani ofis; watanni bakwai ke nan ana cewa ana dubawa.

Kowace Juma'a bayan masallaci Basiru yakan je gaida kawunsa. Sauda, matar Kawu, takan karɓi dabinon da ya kawo a bakin ƙofa, ta ce maigidan yana hutawa.