Dawarmu a Rumbun Salka

Ni na matsa wa maigidana mu daina awon mudu-mudu. Tela ne a bakin kasuwar Kontagora, samunsa kuwa sai Salla ta matso. Kowace shekara in damina ta yi tsakiya hatsi ya hau, sai mu koma cin tuwo kamar ana ba mu magani. Na ce in kaka ta yi mu sayi dawar shekara gaba ɗaya a Salka, inda take araha. Ya ce a ina za mu zuba ta, gidan haya ne, ga ɓeraye kamar da su muke biyan kuɗin ɗakin. Ni kuwa in na kafe na kafe. Na kwashe tasoshin jerena na sayar, muka saya.

Akwai wata mata cikin Kambarin Salka da take kawo mini kalwa, har muka saba. Mijinta ya yarda a zuba dawar a wani rumbunsu da ba komai ciki. Da zangarniyarta aka zuba, ba a sussuka ba, aka kifa murfi aka liƙe da laka yadda suke yi wa nasu. Ba su karɓi ko sisi ba. Muka yi da su sai tsadar ta kai maƙura zan zo in ɗauka.

Sai ruwa ya yi gardama. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, muka ji ana cewa mutanen ƙauye sun cinye har irin shukarsu. Matar nan kuma ta daina shigowa gari. Maƙwabciyata, wadda bakinta bai san hutu ba, kullum sai ta leƙo ta tambaye ni ya lafiyar dawa. Sai in yi dariya kawai. In ina tankaɗe sai in ga hannuna ya tsaya, ina tunanin ko ni ce da yara cikin yunwa, ga rumbu cike a tsakar gidana, zan iya kau da kai?

Ranar kasuwar Salka na hau babbar mota. Tun a hanya nake shirya maganar da zan faɗa wa maigidana in na dawo hannu rabbana.

Na tarar da matar nan mai kalwa ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Tukunyar da ke kan murhu ganyen tafasa ne zalla. Bayan mun gaisa ta ɗauko fartanya ta fasa lakar, ta ɗaga murfin. Dawa na nan har baki, yadda aka zuba ta.

Na ce, "Haba ƙawata, me ya hana ku ɗiba?"

Ta ce, "Ba ki zo ba. Wa za mu tambaya?"

Ita ta taya ni sussuka, tana yi tana tsayawa ta dafa turmi. Na bar mata abin da na iya bari, ba wani mai yawa ba, don tsoron yunwar nawa yaran bai sake ni ba. Ta durƙusa ta karɓa tana ta godiya, har ta riƙa ɗora mini buhunan a ka ina kaiwa bakin mota.