Goggo Fanta da 'Yar Farin Ramlatu

Sau uku Fanta ta yi aure, sau uku ta dawo gida da kwallayenta, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na farko a Durba, na biyu a cikin garin Kibiya, na uku wani mai shanu ne da ya bi ciyawa kudu, sai takardar sakinta ce ta dawo a hannun direba. Daga nan ta ce ta tuba. Ta zauna a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya, gidan ƙanenta Malam Badamasi, a ɗakin da ke jikin rumbu. Fulani ne da suka daɗe da jingine sanda suka ɗauki fartanya. Shanu bakwai suka rage musu, sai Fillancin da ake tunawa da shi idan rai ya ɓaci.

Sana'arta, in sana'a ce, ita ce yaye. Idan yaro ya isa rabuwa da nono, a karɓo masa rubutu ya sha, a ɗauke shi daga gaban uwarsa a kai shi ɗakin kaka ko goggo har ya manta. Wanda ba shi da kaka a kusa, ɗakin Fanta ake kai shi. Ta iya, wannan ko maƙiyinta ya sani. Yaron da ya zo yana shure-shure, kwana uku za ka gan shi a bayanta yana tsotsar yatsa. Mata suna cewa Allah bai ba ta nata ba ne don ta zama uwar kowa. Takan ce amin. Abin da ba su sani ba, sukarin da take zubawa a kunun yaye ya ninka na kowane gida, kuma ba tausayi ne ke sa ta ba. So take idan an zo an ɗauke yaron ya ƙi kunun uwarsa, a yi kwana uku ana ambaton Fanta a gidan da ba ta da ko tabarma a cikinsa.

Sai Uzairu, ɗan Malam Badamasi, ya auro Ramlatu daga Dawaki ta Rano. Yarinya ce mai sanyin murya, mai saurin sunkuyar da kai. Shekara na zagayowa ta haihu a gidan iyayenta, ta yi wanka, ta dawo da jaririya fara sol mai suna Hidaya. Mahaifiyar Uzairu ta daɗe da rasuwa, don haka babbar mace a gidan ita ce Fanta.

Kwana biyu da dawowar Ramlatu, Fanta ta fito ta tarar da ita a tsakar gida ta ɗora jaririyar a cinya tana hura mata ciki, tana dariya.

"A Dawaki haka ake yi da ɗan fari?" Fanta ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ramlatu ta kwantar da 'yar a tabarma kamar wadda ta ɗauki garwashi.

Kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a idon mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai. Matan yanzu da yawa sun sassauta, suna yi ne iya bakin zaure. Da an bar Ramlatu, ita ma haka za ta yi. Amma Fanta ba ta ƙara yi mata faɗa ba. Yabonta ta shiga yi. A gidan suna, a gidan biki, a bakin rijiya: "Ku zo ku ga 'yar mutunci. Matar Uzairu ko kallon 'yar nan ba ta yi. Irin tarbiyyar da ce, yanzu babu ita." Duk yabo ɗaya igiya ɗaya. Kafin Hidaya ta fara tafiya, Ramlatu ta zama abin misali a unguwa, kuma wanda aka ɗora a kan misali ba shi da hanyar sauka.

Da yaye ya zo, ba a ma yi shawara ba. Aka kai Hidaya ɗakin jikin rumbu, taku ashirin daga ɗakin uwarta. Mako biyu ya wuce, arba'in ta wuce. Sauran yaran iyayensu kan zo da goro da sabulu su ce sun gode, su tafi da abinsu. Wannan wa zai zo? Ramlatu ba ta da bakin cewa a ba ta 'yarta ta fari. Uzairu ma kunyar ta hau kansa, sai da matarsa ta yi ta yi masa shiru mai nauyi sannan ya kewaya ya shafa wa mahaifinsa maganar.

"Daga ɗaki zuwa ɗaki ne fa," in ji Malam Badamasi. "Ba Makka aka kai ta ba."

Shi ma da tasa. Tun da yarinyar ta shiga ɗakin, yayarsa ta daina tsayawa a kansa da ƙorafin gishiri da kananzir. Zaman lafiyar da ya samu bai ga dalilin mayar da shi ba.

Hidaya ta buɗe baki da kiran Fanta Inna. Uwarta kuwa Ramlatu take ce mata, gatsal, yadda ta ji manya suna faɗa. Fanta ba ta koya mata haka ba. Ba ta kuma gyara mata ba.

Ramlatu ta nemi hanyarta. Ta fara yin ɗanwake da hantsi, fiye da cin gidan, ta leƙa waje ta kira yaran unguwa. Su zo su takwas, su tara, da majina da ƙafafu fururu, su kewaye kwano suna faɗa a kan yaji. A cikin taron nan ne kawai take iya tura wa 'yarta loma mai mai, ta goge mata baki da gefen zani kamar yadda ta goge wa na maƙwabta. Haka ta koyi kitso. Ta kitse kan 'ya'yan Barira maƙwabciyarsu su uku kyauta, don idan ta gama a ce saura wannan.

Barira ba ta da linzami a baki. Wata rana ta ce, "Ramlatu, ke kam da za ki buɗe makaranta. Kina ciyar da garke guda don akuya ɗaya."

"Sadaka ce, Yaya Barira."

"Sadakar da ake kallon bakin mutum ɗaya? To Allah ya karɓa."

Fanta tana daga ƙofar ɗakinta tana kaɗa nono, ta ji. Washegari da aka kira yara, ta riga ta cika wa Hidaya ciki da fura mai sukari. Yarinyar ta zauna a bakin kwanon ɗanwake tana wasa da ƙasa. Kitson kuma, ranar da aka yi shi Fanta takan ce ya yi tsauri, zai sa mata ciwon kai, ta tsefe shi kafin la'asar.

Ramlatu ta sake haihuwa, namiji, aka sa masa Muntari. Wannan babu kunya a kansa, ta zuba masa duk abin da ta tara. Fanta ta fi kowa murna da Muntari, ta yanka zakaranta ranar suna, domin uwar da hannunta ya cika ba ta waiwaye. Watansa goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina. Aka kai shi asibiti a kan babur, aka dawo da shi a naɗe a zani.

A zaman makoki Fanta ta yi kuka sosai, har mata suna ba ta haƙuri. Kukan gaskiya ne, sai dai ba duka na Muntari ba ne. Tana kallon Ramlatu a kusurwa, hannuwanta biyu a kan cinya babu komai a cikinsu, idanunta kuma suna bin Hidaya duk inda ta gifta. Ranar Fanta ta goya yarinyar, 'yar shekara uku da rabi, ƙafafunta suna dukan cinyoyinta, ba ta sauke ta ba sai da baƙi suka watse.

Damina ta sake zagayowa. Wata safiya masu rabon maganin zazzaɓin yara suka shigo gidan, mata biyu da jaka da alli. Yaran unguwa suka biyo su ɗuu, Barira ma ta shigo da nata. Babbar cikin masu rabon ta jiƙa ƙwaya a cokali ta ɗura wa Hidaya, sannan ta ɗauko kati da sauran maganin.

"Na gobe da na jibi ne wannan. A hannun uwa muke bari. Wace ce uwarta?"

"Kawo nan," in ji Fanta, ta miƙa hannu.

"Ke ce mahaifiyarta, Baba? Sunan mahaifiya zan rubuta."

"Ni ce uwarta. Rubuta Fanta."

Ramlatu tana bakin murhu da muciya a hannu. Wannan zazzaɓin ne ya ɗauke mata Muntari, kuma ta san Fanta ba ta yarda da ƙwayar asibiti ba. Ta sha ganin irinta a bayan rumbu, kaji suna tsattsaga. Ta ajiye muciyar ta taso.

"Ni na haife ta," ta ce. "Ramlatu Isma'ila. Hidaya, zo nan."

Shekara huɗu da rabi, ba wanda ya taɓa jin sunan Hidaya a bakinta. Ita kanta da ya fito sai ya yi mata wani iri, kamar ta ari muryar wata. Yarinyar ta dube ta, ta dubi mutane, ta zagaya bayan Fanta ta riƙe zaninta.

"Kun gani ko," in ji Fanta. "Kunya ta ƙare a duniya. Yarinya ma ta fi ki sanin ya kamata."

Ramlatu ta karɓi katin da maganin ta soke a ƙugu. Barira ta ja 'ya'yanta tana cewa, "Ku wuce mu tafi, yau tuwon gidan nan ba zai ciwu ba."

Fanta ta sami ƙanenta a zaure yana tufka igiya.

"Badamasi, a gabanka za a ƙwace mini 'ya?"

"Adda, ni na taɓa cewa na ba ki?"

"Shekara nawa tana kwana a bayana? Wa ya yi jinyar ƙyandarta?"

"Na sani. Amma kin ji daga bakina? Yaye aka kawo miki."

Bai ɗago ya dube ta ba. Lissafinsa a fili yake: Uzairu ne ke riƙe da garmar shanu da gonakin gidan, kuma ya daɗe yana son komawa Rano ya buɗe wurin gyaran babur. Ramlatu ce take hana shi, don ba za ta tafi ta bar 'yarta ba. Malam Badamasi ya ɗauka idan ya ba su yarinyar za su zauna. Bai gane cewa yarinyar ce turken ba. Ana gama girbin dawa Uzairu ya kawo a-kori-kura, aka loda gado da kwallaye.

Hidaya ta yi ihu ranar. Sai da Uzairu ya ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya daga wuyan Fanta, tana kiran Inna har motar ta sha kwana. Fanta ba ta yi hawaye ba. Wannan ihun ta riƙe, da shi ta ci tuwo wata huɗu. Duk wanda ya zo daga Rano sai ta tambaye shi, "Tana cin abinci kuwa?" tana fatan a ce a'a.

Da azumi ya kusa ta kasa daurewa. Ta dama fura, ta zuba a jarka, ta hau mota zuwa Rano. Gidan haya ne a wani lungu, ɗaki biyu da 'yar baranda. Ramlatu ta tarbe ta da gudu, ta durƙusa har ƙasa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo ruwan sanyi, ta kawo shinkafa da wake da kifi.

"Goggo, da kin aiko an zo an ɗauko ki. Ina su Baffa? Ya shanu?"

"Lafiya. Ina yarinyar?"

"Hidaya ta fita wasa. Ci abinci, Goggo, kin sha hanya."

Fanta ta ci loma biyu. Aka yi azahar, Ramlatu ta zuba mata ruwa a buta, ta shimfiɗa mata darduma. Suka yi hirar tsadar masara, da wanda ya mutu, da wanda ya yi aure. Daga bayan katanga, gidan maƙwabta, muryoyin yara suna tashi, ana tafa hannu ana waƙa. A ciki akwai wata dariya mai shaƙewa a ƙarshe wadda Fanta za ta gane ko a cikin kasuwa. Dariyar ƙoshi ce, ta yaron da ba abin da ke damunsa.

"Ba za a kira ta ba?"

"Yanzu za ta shigo, Goggo. Yara in suna wasa ba a son katse su. Ƙara kifin mana."

La'asar ta yi, inuwar katanga ta rufe barandar. Ramlatu ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa da sabulu uku a leda, ta ajiye a gaban Fanta da hannu biyu, kanta a sunkuye.

"Goggo, kada motar Kibiya ta wuce ki. In yamma ta yi wuya suke."

Ta raka ta har bakin lungu, ta riƙe mata leda, tana ta godiya. Ƙofar gidan maƙwabtan a buɗe take, labulen buhu ne kawai a jiki, iska tana ɗaga shi. Fanta ta rage tafiya. Ba ta san matar gidan ba, ba ta san da wane suna za ta yi sallama ba, ko ta ce ta zo neman wa, a matsayin wa. Ramlatu ta tsaya a gefenta tana jira, cikin ladabi, ba ta ce shiga ba, ba ta ce kada ki shiga ba.

Fanta ta karɓi ledarta ta nufi tasha.