Maganin da Ban Kai wa Inna Ba

Shekarar da na gama sakandare a Dutse, takarda ɗaya ce ta hana ni sukuni: fom ɗin shiga jami'a. Sakamakona ya yi kyau, kuma karatu uku ne a gabana, likitancin haƙori, haɗa magunguna, da ilimin halayyar ɗan Adam. Na naɗe fom na nufi ƙauyenmu da ke bayan Jahun, don a gidanmu ko akuya ba a sayarwa sai an zauna.

Kawuna ne ya fara. Shi haƙori yake so, saboda wani wanzami ya taɓa cire masa mai lafiya ya bar masa mai ciwon, kuma har yau bai huce ba. Baffa, mahaifina, ya ce magani. "Ka taɓa ganin mai kemis yana hamma?" Da na ambaci na ukun, wanda raina ya fi kwantawa da shi, na ce aikin sauraron waɗanda damuwa ta yi wa yawa ne, Kawu ya yi dariya har sai da ya dafe hula.

"Wato digiri za ka yi a hira? Ga mu nan gindin darbejiya kullum, kyauta muke yi."

Inna ba ta cikin zaman. Ni ne ɗanta na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta Fulani da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni. Ni "wancan" ne. In tana da saƙo, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin.

A daminar shekarar ne zazzaɓi ya ɗauke autanmu. Inna ba ta yi kuka gaban kowa ba, mata suna ta yabon haƙurinta. Daga nan ta daina zuwa suna da biki, ta daina kai nono kasuwa, tuwonta ya riƙa kwana a kwano. Ni ban ga komai ba. Shirunta na sani tun da na buɗe ido, sai na ɗauka shi ne dai na kullum.

Ranar da zan koma Dutse na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na ce wa ƙanwata ta tambaye ta wanne ta zaɓa mini. Inna tana kallon faifan da ke hannunta ta ce, "Ki tambaye shi, wannan na ukun, mutum zama yake yi ya faɗi abin da ke ransa?"

Na ce e.

"Ko da babu inda ke masa ciwo?"

Na sake cewa e. Sai ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Na ce amin, na je na cike haɗa magunguna, don na gaji da tsiyar Kawu.

Shekara huɗu ina zuwa hutu da ledar magani. Ƙanwata ta ce Inna ba ta barci, na kawo magani. Ta ce kanta na sarawa, na kawo. Ta rame, na kawo na ƙarin jini. An kai ta asibiti sau biyu, aka ce ba a ga komai ba. Har alfahari nake yi, wai ga ɗan Inna ya fara amfani. A aji an koya mana magungunan ciwon damuwa, na haddace su, na ci jarrabawa, amma ko sau ɗaya fuskarta ba ta faɗo mini ba. Wannan wautar tana cina har yau.

Zuwana na ƙarshe, da hantsi ne, mota na jira a bakin titi. Na durƙusa da ledata kamar kullum. Sai Inna ta aiki ƙanwata ɗebo ruwa, alhali randa cike take. Muka rage mu biyu. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, ta matsar da ƙafarta daga kan tabarma.

"Zauna mana," ta ce.

Da ni take, ba da kowa ba. Shekara ashirin da uku ina jiran haka, amma da ta zo, kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Sai na buɗe leda. Na ce wannan ɗaya da safe ɗaya da dare, wannan kuma bayan an ci abinci. Na ce direba ba zai jira ba, in na dawo hutu na zauna.

Ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Bayan kwana goma sha ɗaya aka kira ni. Na tarar har an kai ta makwancinta. Ban san abin da ta so faɗa mini ba, kuma babu wanda zan tambaya, don ba ta faɗa wa kowa ba. Ni ta zaɓa.